Tuba Ba Murgu Ba Ne

Akwai wata kalma da ta kusa ɓacewa daga bakin mutanen Kano, sai dai a wajen tsofaffi da masu bin diddigin tarihi. Kalmar ita ce murgu. A zamanin da ake bauta a ƙasar nan, bawan da ke da sana'a a hannu, marini ne ko baduku ko ɗan koli, yana iya yin yarjejeniya da ubangijinsa: a sake shi ya je ya nemi na kansa, shi kuma ya riƙa kawo wani adadi na wuri da aka yanka masa. Wannan kuɗin shi ne murgu. Muddin ya kawo a kan lokaci, ba ruwan ubangijin da inda ya wuni, ko da wa ya yi ciniki, ko nawa ya samu. Ba a 'yanta shi ba, amma kuma ba a sa masa ido. Ban da murgu akwai fansa, wato a yanka wa bawa kuɗin kansa gaba ɗaya, ya tara ya biya, ko wani ya biya masa, ya fita daga hannun mai shi ke nan har abada. Turawa sun ci Kano a 1903, dokarsu ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ashe abin ba shi da nisa. Kakannin wasunmu sun karɓi murgu, na wasunmu kuma sun biya.

Abin da ya sa muka tono wannan tsohon zance shi ne wata kalmar da ba ta ɓace ba, wadda ta fi kowace yawa a bakinmu ranar Lahadi: Ubangiji. Wanda ya bi ta Sabon Gari da safiyar Lahadi zai ji ana kiran sunan nan da harshen Ibo da Yarbanci da Turanci, daga manyan majami'u har zuwa shagunan da aka jera wa kujeru aka mayar wurin sujada. Mu Kiristocin da Hausa ce harshen addu'armu, waɗanda iyayenmu suka zo daga Sumaila da Rano da Tudun Wada, ko daga Wusasa da kudancin Kaduna da Filato, mun gaji kalmar da ba ta ɓoye nauyinta. Ubangiji a Hausa shi ne mai mallaka. Bawa yana da ubangiji, kuyanga tana da uwargijiya. Waɗanda suka fassara mana Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke a 1932, ba su je neman wata kalma mai taushi ba. Saboda haka duk wanda ya rubuta a bayan Adaidaita Sahu ko a saman ƙofar shagonsa cewa Yesu Ubangiji ne, ya yi shela ke nan cewa shi da shagon da abin da ke cikin aljihun tebur duk suna da mai su. To, wace irin yarjejeniya mai wannan shela yake zaton ya shiga?

Mai karatu Musulmi, kada ka ce zancen gidan wasu ne. Sabon Gari, wadda aka yanka a 1913 domin baƙin da jirgin ƙasa ya fara kawowa, a cikin ƙaramar hukumar Fagge take, kuma kasuwa ɗaya muke ci. Kalmar tuba ma tare muka are ta daga Larabci, asalin ma'anarta komowa. Malamai a zaurukan Fagge suna karantar da sharuɗɗanta: a bar laifin, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba, in kuwa haƙƙin wani ne a mayar masa. Miƙa wuya kuwa ita ce ma'anar Musulunci kansa. Mun saɓa a kan ko wane ne Almasihu da kuma hanyar da gafara take zuwa, saɓani babba wanda ba ma ɓoye wa juna. Amma ciwon da za mu taɓa a nan ba ya tambayar mutum inda yake ibada.

Ciwon shi ne a mayar da addini murgu. Mutum ya yanka wa Allah rabonsa: safiyar Lahadi, baiko, zakka kashi ɗaya cikin goma, gudummawar ginin majami'a, wataƙila har da sayen yadin zumuntar mata ga uwargida. Da ya sauke wannan, sai ya ji sauran kwana shida nasa ne, ba mai bin sa bashi. Ran Litinin ya buɗe shago. Mudun da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki yana nan. Atamfar da aka liƙa wa tambarin Holan alhali ba ta taɓa ganin Holan ba tana nan. Maganin da wa'adinsa ya ƙare, aka goge kwanan watan aka buga sabo, yana kan kanta. Yaron shago da ya shekara shida yana yi wa ubangidansa hidima bisa alkawarin sallama, ana saura wata uku sai a wayi gari an ce ya yi sata, a kore shi hannu rabbana. A 2018 BBC ta nuna yadda maganin tari mai kodin yake sulalewa daga kamfanoni zuwa hannun matasa, har da na Kano, kuma a watan Mayun shekarar gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Kwalaben nan ba aljanu ne suka sayar da su ba. Mutane ne masu iyali, wasunsu sun yi sahu ranar Juma'a, wasunsu sun rera waƙa ranar Lahadi, kuma zai yi wuya a ce a cikinsu babu wanda yake fitar da zakka daidai wa daida.

Mai murgu ba lallai ne ya zama munafuki a idon kansa ba, kuma nan ne abin ya fi haɗari. Shi a lissafinsa ya cika alkawari. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin Hananiya da matarsa Safiratu, waɗanda suka sayar da fili, suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka kawo saura kamar shi ke nan duka. Bitrus bai zarge su da rowa ba, ya ma tuna musu filin nasu ne, kuɗin ma nasu ne. Laifinsu shi ne sun miƙa yanki suna kiransa duka. Hausawa suna da suna ga irin wannan: tuban muzuru, yana cewa ya tuba ga kaza a baki.

Ikilisiya kanta takan taya mai murgu lissafi. A majami'unmu da yawa akwai horo: wanda ya faɗi cikin zunubi a fili, a dakatar da shi daga cin Jibin Ubangiji, a wasu wuraren har a mayar da shi bencin baya na wasu watanni. Wa muka fi gani a bencin nan? Yarinyar da ciki ya tona wa asiri. Sau nawa aka taɓa zaunar da ɗan kasuwar da ya cinye sallamar yaronsa, ko mai gidan hayar da ya watsar da kayan gwauruwa a titi? Shi yana kujerar gaba, domin shi ya sayi injin wuta. Zunubin da jiki ya nuna ake hukuntawa, wanda littafin ciniki ya ɓoye kuwa a bar kaza cikin gashinta.

A nan mai hankali zai ɗaga hannu, kuma yana da hujja. Zai ce: ai tushen bangaskiyarmu shi ne ceto kyauta ne, ta wurin alheri, ba ladan aiki ba. In kuka ce sai mutum ya miƙa kome da kome kafin ya tsira, wa ya taɓa miƙa kome da kome? Ba kun dawo mana da ciniki ta ƙofar baya ba ke nan? Wannan gardama ta taɓa tashi da zafi a Amurka. A 1988 wani fasto a Kalifoniya, John MacArthur, ya fitar da littafi yana cewa ba a karɓar Yesu Mai Ceto a ajiye Yesu Ubangiji sai wani jiƙon, bangaskiyar da ba ta zo da tuba da biyayya ba, ba bangaskiya ba ce. A 1989 Zane Hodges da Charles Ryrie, dukansu malamai da suka koyar a makarantar tauhidi ta Dallas, kowa ya mayar masa da martani da nasa littafin. Tsoronsu shi ne kada a ɗora wa mai neman ceto sharaɗin da zai sa ya ƙare rayuwarsa yana auna kansa, bai taɓa sanin ko ya kai ba. Ba tsoron banza ba ne. Mun san bayin Allah da suke fita gaban bagade a kowane taron farkaswa, shekara da shekaru, suna kuka, domin ba su taɓa yarda an karɓe su ba. Irin wannan wa'azin yana karya masu taushin zuciya, masu taurin kai kuwa ko a jikinsu.

Sai dai muna ganin Bahaushe yana da abin da zai warware wannan ƙulli, ita ce ɗaya kalmar da muka ambata, fansa. Wanda wani ya fansa bai biya ko wuri ɗaya ba. A nan su Hodges suna da gaskiya, kuma duk wa'azin da ya sa mutum ya ji hawayensa ko gyaran halinsa ne kuɗin, ya kauce. Amma fansa tana da sakamako: wanda aka fansa ya bar gidan tsohon ubangijinsa. In aka biya kuɗin mutum da safe, da yamma aka same shi a gandun da aka fanso shi yana noma kamar jiya, dole a tambaya ko ya ji labarin abin da aka yi masa. Bulus ya gaya wa mutanen Koranti cewa an saye su da tsada, don haka su ba na kansu ba ne. Kyautar da mallakar tare suka zo, kamar hanta da jini. Mutum ba ya miƙa kansa don a fanshe shi, yana miƙa kansa ne domin an riga an fanshe shi, kuma wannan jerin shi ne dukan maganar.

Dubi Zakka na Yariko, shugaban masu karɓar haraji, gajeren mutumin da ya hau bishiya don ya hango Yesu. Yesu ne ya fara gayyatar kansa gidan mutumin, tun bai mayar da ko anini ba, har jama'a suka yi ta gunaguni. Bayan an shiga gidan ne Zakka ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, kuma duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. (Sunansa a Hausa ya zo daidai da zakkar da muke fitarwa, amma shi bai tsaya a kashi ɗaya cikin goma ba.) Abin lura shi ne tubansa yana da adadi, ana iya ƙirga shi, kuma akwai mutanen da za su ji shi a aljihunsu. Haka Yahaya Mai Baftisma, da masu haraji da sojoji suka tambaye shi abin da za su yi, bai ce su bar aiki su tare a jeji ba. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, na biyu kuma su daina ƙwace da ƙazafi, albashinsu ya ishe su. Da a yau ne, wa'azin shingen hanya ke nan da na rasit. Ko ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wanda ake yawan kafa hujja da shi cewa bai yi aikin kome ba, ya amsa cewa hukuncinsa daidai ne, ya kuma yi wa Yesu magana a matsayin mai mulki. Sa'o'i kaɗan suka rage masa a duniya, su ɗin ya miƙa. Wani fasto Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, ya yi rubutu a 1937 a kan abin da ya kira alheri mai araha, wato gafarar da ba ta neman tuba. Gwamnatin Hitila ta rataye shi a watan Afrilun 1945.

Amma a yi hattara da misalin nan namu, domin yana da ƙaya. Bauta mugun abu ce, tabonta bai gama warkewa a ƙasar nan ba, har yanzu akan fasa aure saboda asali. Kuma akwai masu wa'azin da suka gane daɗin kalmar miƙa wuya, suka karkatar da ita zuwa kansu. Sai ka ji an ce wa mace ta kawo jarinta duka a matsayin iri, an ce wa saurayi kada ya yi aure ko ya karɓi aiki sai baban ikilisiya ya sa albarka, an ce tambayar inda kuɗin baiko ya tafi tawaye ne ga Allah. Wannan sata ce da rigar limanci. Wanda ya miƙa wuya ga Allah da gaske ya fi kowa wuyar juyawa a hannun mutum, domin wuyan nan ɗaya ne, ya kuma riga ya ba da shi. Sa'an nan labarin ɗan nan da ya karɓi gādonsa ya lalatar a wata ƙasa yana gyara misalin. Da yunwa ta koro shi gida, ya shirya jawabinsa a hanya: zai roƙi a ɗauke shi ɗan ƙodago. Wato shi ma yarjejeniya yake nema, aiki da lada, kowa ya san iyakarsa. Uban bai bar shi ya kai wannan gaɓar ba, ya sa aka kawo riga da zobe da takalmi. Zama ɗa ya fi ƙodago nauyi. Ɗan ƙodago yana tashi aiki da la'asar, ɗan gida kuwa in katanga ta faɗi da tsakar dare shi za a tasa.

Duk abin da muka faɗa a kan mudu da rasit mai sauƙi ne in aka gwada shi da ɗaki na ƙarshe da mutumin Sabon Gari yake kullewa. Tsakanin unguwar nan da Fagge akwai tarihi. An yi rikicin Mayun 1953, wanda siyasa ta haddasa. An yi na Oktoban 1982, wanda ya taso a kan ginin majami'ar Anglikan a Fagge. An yi na Oktoban 1991, lokacin zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke. Ran 29 ga Afrilu 2012 aka buɗe wa masu sujada wuta a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Ran 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar motocin New Road. Ran 28 ga Nuwamba 2014 kuma aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na cikin birni, maƙwabtanmu suka kwashi gawawwakinsu kamar yadda muka kwashi namu. Kusan kowane tsohon gida a nan yana da sunan wanda bai dawo ba. Daga irin wannan akan gaji wani abu da ba a rubuta shi a wasiyya: ƙulli a zuciya, da wata irin magana da ake yi a kan “mutanen can” in an rufe ƙofa, yara suna ji.

Mutum yana iya gyara mudunsa, ya sallami yaronsa da mutunci, ya bar giya, amma ya ce wannan ƙullin nawa ne, da jini na saye shi. Wa zai ga laifinsa? Mu dai ba mu da bakin da za mu tsaya a kan gwauruwar da ta tsinci takalmin mijinta a tasha mu karanta mata darasi. Neman adalci kuma haƙƙi ne. A kama mai laifi, a yi shari'a, a biya diyya, a tsare rayukan mutane, babu inda Bishara ta hana neman waɗannan, kuma masu gaggawar cewa a yafe a manta sau da yawa su ne waɗanda ba su rasa kowa ba. Amma ramuwa da ƙiyayya wani abu ne dabam, kuma wanda muke kira Ubangiji ya nemi a ba shi su. Ya ce a ƙaunaci maƙiyi, a yi wa mai tsanantawa addu'a, shi kansa kuma ya roƙa wa masu gicciye shi gafara tun ƙusoshin suna jikinsa. Ba shi da umarnin da ya fi wannan ɗaci a Kano. In mulkinsa ya tsaya a bakin ƙofar wannan ɗaki, to sauran abin da aka ba shi, kome yawansa, murgu ne.

Ba muna cewa ana yin wannan a rana ɗaya ba. Cikakkiyar miƙa wuya ba ta nufin mutum ya gama gyaruwa, ai da babu wanda ya tsira. Bambancin yana tsakanin mutum biyu da dukansu ɗakin nasu yake kulle. Ɗaya ya ce nan ba a shiga. Ɗayan ya ce na yi na yi ya ƙi buɗuwa, ga makullin. Na biyun yana iya shekara goma yana fama, ya ga mai kama da wanda ya ƙona shagonsu gabansa ya faɗi, ya koma gida ya sake durƙusawa. Shi tubabbe ne, ko da bai ji daɗin kome a ransa ba. Yakan fara da ƙananan abubuwa: ya daina faɗin waccan magana a gaban 'ya'yansa, ya je gaisuwar mutuwa a Fagge, ya zauna a benci ɗaya da kowa a Asibitin Ido na ECWA, inda tun 1943 mutanen birni da na waje suke jiran layi tare, kowa da auduga a ido.

Yesu ya ce in mutum ya kawo baikonsa gaban bagade, a nan ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. A ranar Jibin Ubangiji fastocinmu sukan tuna wa jama'a wannan kafin a fara rabawa. Akan ga wani dattijo ko wata uwa, waɗanda ba wanda ya sa su a horo, tire ya zo gabansu su sunkuyar da kai su miƙa wa na kusa. Ba a tambayarsu dalili. Wani lokaci a zagaye na gaba a ga sun ɗauka, wani lokaci kuma sai an daɗe.